Ƙota ta Uku

Sakkwato, 6 ga watan Ƙaramar Salla, 1326

Daga Maharazu ɗan Idi Masassaƙi, odalen Bature a bariki, zuwa ga wana Almu a Illela. Gaisuwa mai yawa da so da girmamawa. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Shafa'atu da mutanen gida duka. Baraka tana gaishe ku. Cikinta ya shiga wata shida, ba ta son komai sai kunun tsamiya.

Bayan haka, Yaya, ina cikin damuwa, kuma hannunka ne kaɗai zai fisshe ni. Ka san aikina. Ni ke hawa gaban Bature Mai Lofe in za shi duba turakun iyakar da suka kafa tsakaninsu da Faransi, ni ke rataye da libarba, ƙaramar bindigar nan ta hannu ɗaya. Cikin Azumi muna dab da Araba maciji ya gitta, doki ya zabura, na zaro ta, sai ta kuɓuce mini ta bugi dutse. Ƙotarta ta tsage biyu. Wannan karo na biyu ke nan da ta faɗi daga hannuna a gabansa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi zai tafi Zungeru, sai bayan Babbar Salla zai komo. Ran da ya komo za a kafa allo in harba sau uku yana kallo. In ta zauna a hannuna, aiki nawa ne. In ta sake faɗuwa, in tuɓe kaki in bar ɗakin bariki. Ina zan kai mace da tsohon ciki?

Laifin ƙotar ne, wallahi. Santsi gare ta, ba don hannun mutanenmu aka yi ta ba. Ga ɓallayenta nan na ba Maccido mai raƙumi, tare da zanen ƙarfen da na fitar a takarda. Ɓari biyu ne, dama da hagu, ƙusa ɗaya mai murɗawa ke haɗa su. Ka sassaƙa mini ta itace, irin aikin gidanmu.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Wassalam.

*

Illela, 15 ga Ƙaramar Salla

Daga Almu Masassaƙi zuwa ga ƙanena Maharazu, gaisuwa da fatan alheri. Ni ke magana, Shafa'atu ke riƙe da alƙalami, don ka san hannuna gizago ya sani, bai san tawada ba.

Saƙonka ya iso. Kai! Ashe wagga aba ce Turawa ke kira ƙota? Na shinshina, na sa haƙori, na kai ta bakin wuta, sai wari kamar an ƙona kofato. Ba icce ba ne ko kaɗan. Dole ta bar hannunka.

Ga taka nan. Kanya ce, daga guntun da Baba ya ɗora bisa rufin rumfa tun shekarar da Turawa sunka shigo Sakkwato. Ta bushe har tana amsawa in an ƙwanƙwasa. Na bi zanenka ban ƙara ko kaurin gashi ba, ramin ƙusa da siririn ƙarfe na huda shi don kada ya yi sako-sako. Kwana uku ina shafa mata man kaɗe ina gogewa. Mutanen kasuwa sun yi ta zuwa kallo har sai da na ɓoye ta cikin tukunya. In Baturenka bai ce a yi mashi irinta ba, ka kira ni da wani suna.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Baba bai taɓa sassaƙa ma mutum ƙota ba, ko ta gatari ce, sai ya ba shi curin yumɓu ya damƙa, ya ga yadda hannun ke zama. Ni ma haka nake yi. Amma hannunka na san shi tun yana tsame mini nama daga akushi, shi ya sa na yi ta da ka.

Allah ya raba Baraka da cikinta lafiya. Wassalam.

Ni Shafa'atu nake ƙara wannan. Ashe har Araba kunka zo, ɗan nema, ba ka biyo gida ba? Mi ke tsakanin Araba da Illela? Tsohuwa da sanda ta zo ta koma kafin azahar. Kuma ina ka samo wagga Hausa ta "muka" da "suka"? Bariki ta cinye maka harshe. Ga tsamiya nan a ba Baraka, ba kai ba.

*

Sakkwato, 24 ga Ƙaramar Salla

Daga Maharazu zuwa ga Yaya Almu, gaisuwa da godiya mai yawa.

Ƙota ta iso, ta hau ƙarfen daram, ko tsinke ba ya shiga tsakaninsu. Duk bariki an zo an gani. Samanja ya juya ta ya juya ta, ya ce ko a ƙasar Turawa sai an tona kafin a sami irinta.

Sai dai, Yaya, ka yi mini haƙuri, ba ta zauna mini ba. Na fita bayan gari na gwada. Da na harba sai ta juya cikin hannuna kamar tarwaɗa, da ƙyar na tare ta da hagu. Man ya yi mata yawa, kuma gindinta ya cika siranta, yatsun ƙasa ba su sami abin kamawa ba. Ina roƙo ka yi wata mai kauri, ka tsattsaga jikinta ta yi kaushi. Kwanaki suna tafiya.

Ki yafe ni, Yaya Shafa'atu. Bature ba ya tsayawa, ni kuwa bawan umarni ne.

Allah ya bar zumunci. Wassalam.

*

Illela, 4 ga Zulƙida

Daga Almu zuwa ga Maharazu, gaisuwa.

Tarwaɗa? Aikina ne tarwaɗa? Shekara ashirin da ɗoriya ina wagga sana'a, daga Lafani har Birnin Ƙonni ba a taɓa maido mini da ƙota ba, sai yau ɗan da na goya. Shafa'atu tana dariya tana rubutu, in ka ga layi ya karkace ita ce.

To, na haɗiye. Ga ta biyu nan, ƙirya ce, na ƙara mata kauri, na tsaga ta gicciye da bakin wuƙa har tana cizo. Ban so ba. Ƙota mai kyau ba ta buƙatar haƙora, amma mai kaya ya fi mai sassaƙa iko.

Sai dai wannan karo ba ni sake aiki da ka. Ga curin yumɓu nan cikin ƙwarya, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ka damƙa da hannun dama, sau ɗaya, yadda kake riƙon bindigar. Ka maida shi cikin tsumman, ka yayyafa ruwa, ka ce ma Maccido kada ya bari rana ta gan shi, don yumɓu in ya bushe motsewa yake, sai ya yi ma mutum ƙaryar awo. In ta biyu ta zauna, to, alhamdu lillahi. In ba ta zauna ba, in san ko ni na tsufa.

Ka gaida mai ɗakinka. Wassalam.

*

Sakkwato, 13 ga Zulƙida

Daga Maharazu zuwa ga Yaya Almu, gaisuwa da ban haƙuri. Ban faɗi maganar tarwaɗa don raini ba, ka san ba ni da wani uba bayanka.

Ta biyu ta fi kamuwa, amma har yanzu bakin bindigar yana sunkuyawa ƙasa in na ja kunama, harsashi ya tafi cikin turɓaya. Kuma tsagar ta yi kaifi da yawa. Ta yanke mini gefen tafi, ni ban ma sani ba sai da na komo gida Baraka ta ce, "Malam, jinin mene ne wannan a hannun rigarka?" Ka rage mata haƙora.

Ga yumɓun nan na damƙa kamar yadda ka ce. An ce Bature ya aiko, zai iso kwana biyar bayan Salla.

Allah ya taimake mu. Wassalam.

*

Illela, 21 ga Zulƙida

Daga Almu zuwa ga Maharazu.

Hannun wa ka aiko mini?

Ni za ka yi ma wannan? Kana shekara bakwai ka ɗauki gizagon Baba ba da izini ba, ya sare ka a gindin babban yatsa. Ni na ɗauke ka a kafaɗa har gidan wanzami, jininka yana bin bayana. Tabon nan tudu ne, ko cikin tuwo ka sa hannu sai ya fito. Babu shi a wanga yumɓu. Wannan hannun wani ƙato ne mai gajerun yatsu, ga alama ma yana cin farce. In kana so in sassaƙa ma abokinka ƙota, ka ce mini, sai in yi. Amma kada ka maishe ni mahaukaci a cikin rumfar ubana.

Na ajiye gizago. Ba ni taɓa icce sai na ga hannunka. Ga wani curin nan. Wassalam.

Maharazu, ni ce Shafa'atu. Yaya ya tahi masallaci da hushinshi, wannan tsakanina da kai ne.

Shi yumɓu ya duba, ni takardarka na duba. Sau uku na karanta inda ka ce ƙota ta yanke ka ba ka ji ba. Na tuna ranar da Inna ta ɗauke tukunya daga murhu da hannu tsirara tana ba mu labari, mu muna jin ƙaurin fata, ita ba ta ji komai ba. Kana ƙarami amma kana wurin. Na kuma tuna ka zo har Araba ka ƙi biyowa, kai da ke tahiyar yini don ka sha furar gida.

Ba ni son rubuta sunan abin, amma in ban rubuta ba wa zai rubuta? Kuturta nake tsoro, ƙanena. Hawaye nake yi, kada ka ga tawada ta baje ka ce dariya ce. In na yi kuskure ka zage ni, zan ji daɗin zagin. In ban yi ba, ka tuna ko sau ɗaya Baba bai raba akushinshi da na Inna ba, mu kuwa ɗiyanshi ne. Ka damƙa yumɓun da hannunka.

Allah ya sa ina cikin ɓata. Yayarka mai ƙaunarka.

*

Sakkwato, 29 ga Zulƙida

Daga Maharazu zuwa ga Yaya Almu da Yaya Shafa'atu. Ina gaishe ku, kaina a ƙasa.

Hannun mai dakon ruwan bariki ne. Na ce masa wasa ne, ya damƙa yana dariya. Ku gafarce ni.

Ba ki yi kuskure ba, Yaya. Tun damina ta bara na ga wani jan tabo a damtsena, na soka masa ƙaya ban ji ba. Na ce makero ne. Daga baya ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara lanƙwashewa, ba su miƙewa, ba su kuma matsewa. Na ce linzami ne ya gajiyar da su. Da bindiga ta faɗi na ce ƙota ce, na yi ta faɗi har ni kaina na yarda. Da na ga curin yumɓu a cikin ƙwarya sai na tuna yumɓun gidanmu ba ya rufa wa kowa asiri.

A Araba ina hango kan kukar ƙofar garinmu. Na ja hannun riga na rufe yatsuna, na kau da kai. Na san da kin miƙo mini ƙwaryar fura za ki gani.

Ban gaya wa Baraka ba. Ina tuna yadda maƙwabta suka daina aiko wa Inna aron ludayi, yadda aka riƙa ajiye mata abu a ƙasa maimakon a miƙa mata. Ba ni so ɗana ya buɗe ido ya tarar ana yi wa ubansa haka. Kakin nan shi ne kaɗai abin da ke sa a tashi tsaye in na shigo wuri.

Ga hannuna nan, na gaske. Yaya Almu, ban san ko akwai ƙotar da za ta zauna a cikinsa ba. Amma ina so in tsaya gaban allon nan ko sau ɗaya bindiga ba ta faɗi ba. Kada a kore ni ana cewa ɗan Idi Masassaƙi ragon hannu ne. Saura kwana goma sha shida.

In kun ga dama ku sa ni a addu'a. Wassalam.

*

Illela, 6 ga watan Babbar Salla

Daga Almu zuwa ga ƙanena Maharazu, ɗan uwata ɗan ubana. Gaisuwa, da sannu, da sannu kuma.

Na buɗe tsumman, na ga tabon gizago, na ce yauwa, ga ɗan banzan nan ya iso. Yatsu uku sun nutse yadda ya kamata. Biyu na ƙasa kuwa shafa kawai sunka yi, sai bakin farce da ya karci yumɓun. Gefen tafi, inda nama ya kamata ya danne, ya bar tudu.

Akwai abin da ba ku sani ba, kai da Shafa'atu. Cikin tsohuwar tukunyar da ke ƙuryar rumfa akwai curin da Inna ta damƙa, wanda Baba ya auna ya yi mata muciya da ludayi. Ya hana a jefar. Na ɗauko na aza kusa da naka. Nata ya bushe ya motse, amma hanya ɗaya ce. Na yi kuka, ba ni jin kunyar a rubuta.

Ga ta uku nan. Tun da nake ban taɓa sassaƙa mummunan abu kamarta ba. Ɓarin dama na bar mashi ƙusumbi ya cike ramin tafinka. A gindi na fitar da leɓe, inda lanƙwasassun yatsun za su rataya ba sai sun matse ba, haka Baba ya yi ma muciyar Inna. Ban tsaga ta ba ko kaɗan, na goge ta sumul, don hannun da ba ya jin yanka ba a ba shi abu mai haƙora. Ta biyun nan ka jefa ta wuta, ni na cuce ka da ita. Ita ta ukun aduwa ce, ba nauyi. Na huda gindin na sa madaurin fata, ka zura wuyan hannu a ciki. In an tambaya ka ce adon Illela ne.

Za ta zauna, na rantse. Amma ka ji gaskiya daga bakin mai sassaƙa: hannun bana na auna. Na Inna sau uku Baba yana sake mata awo. Ba ni ce maka ka zauna, ba ni ce maka ka taho, kai ba yaro ba ne. Abin da na sani, gonar Lafani tana nan, ɗakin da ke kusa da nawa na sa an yi mashi sabon jinka, kuma akushina ya yi mini girma ni kaɗai.

Shafa'atu ta ce ka gaya ma Baraka tun kafin Salla, in ba haka ba ita za ta hau raƙumin Maccido ta zo ta gaya mata. Ka san ta.

Allah ya tsaya maka ranar. Wassalam.

*

Sakkwato, 16 ga Babbar Salla

Daga Maharazu zuwa ga Yaya Almu da Yaya Shafa'atu, gaisuwa da barka da Salla.

Jiya anka kafa allo. Sau uku na harba, biyu a tsakiya, ɗaya a gefe. Ko motsi ba ta yi ba. Mai Lofe ya karɓi bindigar zai yaba, sai ƙotar ta ƙi hannunshi, ya juya ta ta ko'ina ta ƙi. Ya dube ta, ya dubi hannuna, ya ce aiki nawa ne. Ni na ɗage hannun riga da kaina na nuna mashi, na roƙi sallama. Sai ya miƙo hannu ya kama nawa, na daman nan.

Na kwance ta uku na sa aljihu, na maida ta kanya. Ta zauna mashi daram. Ba ta taɓa yin laifi ba, Yaya, na janye tarwaɗa.

Na gaya ma Baraka ran jajibiri. Ta ce ta sani tun ranar da na ɗauki garwashi da yatsa ina kunna fitila, tana jira ne ta ga yaushe zan ɗauke ta mutum.

Muna tahowa da ayarin Maccido, a gida za ta haihu. Kafin mu iso, ka yayyafa ma yumɓun nan ruwa, kada ya bushe. Damina na tahe, kuma ba ni da ƙotar kalmen da zan yi noma.

Ƙanenku, Maharazu. Wassalam.